Wusasa: Ƙaramin Gari Mai Babban Tarihi

Sau da yawa mukan wuce Zariya ba mu ratsa Wusasa ba. A shekara ta 1905 Likita Miller na mishan ɗin CMS ya zauna cikin birnin Zariya. A 1929 aka mai da mishan ɗin bayan ganuwa, a gindin dutsen Wusasa, aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, irin ginin Hausawa. Asibiti da makaranta suka kafu a wurin. A makarantar ne Janar Yakubu Gowon ya yi firamare. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda Miller da abokan aikinsa suka fassara, ya fito a 1932.

Ginin ƙasa sai da yaɓe, tarihi kuma sai da tuni. Mu kai 'ya'yanmu su gani da idonsu, kada ya rushe a hannunmu.