Albashi da Harajin Sojojin Fagen Daga a Arewacin Zamfara

Sojojin da ake girkewa a Ɗan Isa da sauran yankunan Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi domin yaƙar 'yan bindiga suna aiki ne ƙarƙashin rundunar haɗin gwiwa ta Fansan Yamma, wadda ta gaji Hadarin Daji a 2024. Gwamnatin tarayya ce ke biyansu albashi gwargwadon muƙami, tare da alawus na fagen daga da kuɗin abinci. A 2025 Babban Hafsan Sojan Ƙasa na wancan lokacin, Laftanar Janar Olufemi Oluyede, ya sanar da ƙara kuɗin abincin daga naira 1,500 zuwa 3,000 a rana, abin da har yanzu bai taka kara ya karya ba idan aka dubi tsadar kayan masarufi.

A da, a ƙarƙashin dokar harajin kuɗin shiga ta 1993, hukumar tara haraji ta tarayya ce ta riƙa karɓar harajin soja, ba jihar da yake aiki ba. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, ta kuma fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ta yafe haraji a kan albashin soja, ko yana daji ko yana bariki. A Amurka kuwa, rangwamen ya taƙaita ne ga watannin da soja ya yi a yankin da aka ayyana filin yaƙi.