Wasiƙar likita Manette: Dickens da juyin juya halin Faransa

A ranar 14 ga watan Yuli na shekara ta 1789, da mutanen Paris suka fasa kurkukun Bastille, fursunoni 7 kaɗai suka taras a ciki. Abin da ya sa ake ƙin ginin shi ne, da takarda guda mai hatimin sarki ake iya kulle mutum a can, ba shari'a, ba wa'adi. Shekara 70 bayan haka, a 1859, marubucin Ingila Charles Dickens ya fitar da ƙagaggen labarinsa A Tale of Two Cities, wato labarin birane biyu, Landan da Paris, kashi-kashi a mujallarsa ta mako-mako. Tarihin ya ɗauko shi galibi daga littafin Thomas Carlyle na 1837. Kurkuku kuwa ya san ta tun yana yaro, domin a 1824 an tsare mahaifinsa saboda bashi, shi kuma yana ɗan shekara 12 aka kai shi aikin ƙwadago a masana'antar man goge takalmi.

An fi tuna littafin da Sydney Carton, lauya mashayi wanda ya fid da rai da kansa. Yana son Lucie, ɗiyar likita Manette, ita kuma ta auri Charles Darnay, mai kama da shi kamar an tsaga kara. Da aka yanke wa Darnay hukuncin kisa, Carton ya shiga kurkuku ya yi musayar tufafi da shi, ya miƙa wuyansa a madadinsa. Dickens da kansa ya ce tunanin ya zo masa ne lokacin da yake wasan kwaikwayon abokinsa Wilkie Collins, inda a 1857 ya fito a matsayin mutumin da ya mutu wajen ceton wanda ya ƙwace masa masoyiya.

Sai dai wurin da tarihi ya fi nauyi a littafin shi ne wasiƙar likita Manette. An kulle shi shekara 18 a Bastille don ya ga abin da wasu ƴan'uwa biyu na gidan sarautar Evrémonde suka yi wa wata matar talaka da ƙanenta, ya kuma kai ƙara. A cikin kurkuku ya rubuta shaidarsa ya ɓoye, ya la'anci gidan har zuriyarsa ta ƙarshe. Ba ƙarya ko guda a takardar. Amma da aka karanta ta a kotun juyin juya hali, wanda ta faɗa wa shi ne Darnay, surukinsa, ɗan gidan Evrémonde da ya daɗe da yin watsi da sarauta da gado. Mai neman jininsa, Madam Defarge, ƙanwar matar nan ce da aka wulaƙanta. Kowa a kotun yana da gaskiyarsa, kuma Dickens bai ƙaryata ko ɗaya ba. Abin da ya nuna shi ne yadda haƙƙin wanda aka zalunta ke komawa bashin da ake bin wanda bai ci ba.

Wannan ya yi daidai da zamanin. A watan Satumba na 1792 an kashe fursunoni fiye da 1,000 a kurkukun Paris. Dokar 17 ga Satumba 1793 ta ba da damar kama ƴan gidan sarauta da dangin waɗanda suka gudu, bisa zato kawai, kuma kafin faɗuwar Robespierre a Yuli 1794 an yanke hukuncin kisa kusan 17,000. Dickens yana yi wa masu mulkin Ingila kashedi ne: wanda ya shuka ƙaya, kada ya yi tafiya ba takalmi.

Malamin da zai karanta shi da ɗalibai ya kamata ya san abin da marubucin ya tsallake. Talakawan Paris a wurinsa ambaliya ce, ba a jin suna muhawara kan doka ko ƙuri'a. Sanarwar ƴancin ɗan Adam ta 26 ga Agusta 1789 ba ta da wani gurbi a labarin. Majalisar da ta kafa kotun nan kuma ita ce ta soke bauta a ƙasashen da Faransa ke mallaka, ranar 4 ga Fabrairu 1794, kafin Napoleon ya maido da ita a 1802. Ga mai karatu a Afirka wannan ba ƙaramin giɓi ba ne.

Ko sadaukarwar Carton, Dickens bai faɗaɗa ta fiye da kima ba. Ta ceci gida ɗaya, ta kuma wanke mutum ɗaya a idon kansa. Mutum 52 aka kai wa injin sare kai a ranar. Cikinsu akwai wata yarinya matalauciya mai ɗinki, wadda aka zarga da makirci, ba ta da mai fansarta. Ita ce ta gane cewa ba Darnay ba ne, ta roƙe shi ya riƙe mata hannu a cikin amalanken da ke kai su filin kisa. Ita ce ta 22 a layi, shi na 23.