Yadda aka koyi auna ƙarfin salatif

Kalmar salatif ta samo asali ne daga Sellotape, sunan wata hajar Ingila da ta fito a 1937, amma tushen sana'ar yana Amurka. A 1925 Richard Drew, matashin ma'aikacin kamfanin 3M a jihar Minnesota, ya lura da wahalar da masu fentin mota mai launi biyu ke sha: gam ɗin da suke liƙa takardar kariya da shi yakan ɗaye sabon fenti idan aka zo cirewa. Sai ya haɗa tef na takarda mai gam marar tsanani, wanda zai kama kuma ya saki ba tare da ɓarna ba. A 1930 ya fitar da mai garai-garai, kakan wanda ake sayarwa a shaguna yau.

Da kasuwar ta bunƙasa, aikin ya rabu biyu. Manyan masana'antu suna shafa gam a kan ƙaton naɗi mai faɗin fiye da mita ɗaya, wasu kamfanonin kuma su saya su yayyanka, su sake naɗewa a kan zoben kwali mai faɗin inci 3. Tef ɗin ɗaure kwali da ake kira inci biyu yawanci milimita 48 ne, alhali inci biyu ya kusa milimita 51.

Tun da haja na bi ta hannuwa da yawa, dole a sami ma'aunin da kowa zai yarda da shi. Masu masana'antun Amurka sun kafa majalisarsu, PSTC, a 1953, na Turai suka kafa Afera a 1958. Gwajin da ya fi shahara shi ne na ɓarewa: a liƙa tef a kan farantin ƙarfe mai santsi, a bi shi da abin murza mai nauyin kusan kilo 2, sannan na'ura ta ja shi baya, milimita 300 a minti, tana auna ƙarfin da ya buƙata. Wani gwajin kuma nauyi ake ratayawa a jikinsa, a ƙirga lokacin da zai ɗauka kafin ya zame.

Sai dai duk wannan ana yinsa ne a ɗaki mai zafin digiri 23 da laimar kashi 50 cikin 100. Gam yana laushi a zafi, kuma sito a Kano cikin watan Afrilu yakan haura digiri 40. Lambar da ke kan takardar haja ba ta yi alkawarin komai game da kwalin da zai wuni a bayan tirela a hanyar Maraɗi ba.