Sunayen da Ke Gaban Fim: Daga Turmin Danya zuwa Katin Waya

A zauren wani maƙwabcinmu a Jangebe na koyi karatun boko da hanzari. Ranar Talata yakan dawo daga kasuwar Talata Mafara da sabon faifan fim, a tayar da janareta bayan sallar isha'i. Da rubutu ya fara fitowa sai dattawa su ce, "Kai ɗan makaranta, karanta mana." Ni kuwa in yi ta tsere da sunayen kafin su ɓace. A lokacin na ɗauke su shingen da ake tsallakewa kafin labari. Sai da na girma na gane cewa a wannan shinge aka rubuta tarihin sana'ar.

Fim bai zo duniya da sunaye ba. A farkon ƙarni na 20 kamfanonin Amurka kan ɓoye sunayen 'yan wasa don kada su nemi ƙarin kuɗi. Florence Lawrence ta yi shekaru ana kiranta da laƙabin kamfanin Biograph, sai a 1910 Carl Laemmle ya tallata ta da sunanta. Daga baya ƙungiyoyin ma'aikata suka mayar da jerin sunaye ƙa'ida mai hukunci. A 1980 ƙungiyar daraktocin Amurka ta ci George Lucas tara saboda ya kai sunan daraktan The Empire Strikes Back ƙarshen fim, shi kuma ya fice daga cikinta.

Mu kuwa ta Indiya abin ya fi ratsa mu. Wanda ya kalli fina-finan Indiya a sinimomin Arewa ya san tsarin: takardar shaidar hukumar tace fina-finai, tambarin kamfani, sannan sunaye bisa kiɗa. Amma kuskure ne a ce Bahaushe bai san wannan al'ada ba sai da ya ga majigi. Marubutan waƙoƙin ajami kan buɗe da basmala da salati, da yawansu kuma su rufe da sunansu da ramzin shekara. Makaɗan fada irin su Musa Ɗanƙwairo, wanda aka haifa a Bakura ya kuma shahara da sunan Maradun, sukan jera ubangida da masu kyauta a cikin waƙa. Sai dai an bar wani giɓi. Muryoyin 'yan amshi su ne rabin daɗin waƙar, amma mutum nawa ne a Bakura ko Maradun zai iya lissafo sunayensu yau? Wannan giɓi shi ne fim ɗin Hausa ya gada.

Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, bisa umarnin Salisu Galadanci, sana'ar ba ta gama samun kalmominta ba. Sannu a hankali aka sassaƙa su: shiryawa, ba da umarni, tsara labari, ɗaukar hoto, tace hoto, ci gaban shiri, kwalliya. Wadda ta fi jan hankalina ita ce "ɗaukar nauyi". Ba fassarar kowace kalmar Turanci ba ce, daga rayuwarmu aka ɗauko ta, inda mai hali ke ɗaukar nauyin biki ko karatun ɗan wani. Ta kuma faɗi gaskiyar yadda ake yin fim a Kano a wancan lokacin: babu banki a bayansa, sai aljihun mutum ɗaya ko na dillalin kaset na kasuwar Ƙofar Wambai. Shi ya sa mai kuɗi ke samun allo shi kaɗai, da manyan haruffa, kamar yadda ubangida ke samun baiti na musamman a bakin makaɗi.

Hukuma ma ta nemi nata gurbin. An kafa hukumar tace fina-finai ta ƙasa a 1993. Bayan Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Zamfara, ta fara aiki a watan Janairun 2000, Kano ta bi sahu, ta kuma kafa tata hukumar a 2001. Daga nan farkon fim ya zama wurin wanke kai: ambaton Allah, shaidar tacewa, godiya ga manya. Kafin su kuma akwai tallan fina-finai masu zuwa, wanda wani lokaci har shayi kan huce bai ƙare ba.

Sangaya da takwarorinsa na wajen shekarar 2000 sun sa waƙa ta zama jarin fim. Duk da haka jarumin da ke motsa baki shi ke gaba, mai muryar kuma yana can ƙasa, in ma an sa shi. Na daɗe ina musu da abokaina cewa jarumin ne ke rera waƙar.

Zuwan Arewa24 a 2014, da shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Labarina na Aminu Saira, ya gyara fasalin abin. Mabuɗi ya gajarta, ya samu waƙarsa ta kansa, aka haɗa fuska da suna. Amma a garuruwa irin namu ba ta talabijin fim ya fi isowa ba, ta shagon masu tura-tura ne. A can kowane minti wuri yake ci a katin waya, kuma abin da aka fi saurin yankewa shi ne wanda ba labari ba.

Bara na so in rubuta wani abu a kan wani tsohon fim da muka kalla a zauren nan. Na same shi a wani shago, aka tura mini. Ya fara ne daga tsakiyar sallamar wata tsohuwa, tambarin shagon yana yawo a kusurwar allo. Na tambayi yaron shagon ina farkon. Ya ce haka shi ma aka ba shi. Na zaga shaguna uku a Talata Mafara, duk kwafi ɗaya ne. Maƙwabcin namu ya rasu, faifansa kuma yara sun daɗe da yin tayar mota da su. Jarumin kowa ya san shi. Wanda ya rubuta labarin da wanda ya riƙe kyamara kuwa, na taɓa karanta sunayensu da ƙarfi a gaban dattawa ina ɗan shekara tara, yau ko harafin farko ban riƙe ba.