Jami'in Lantarki a Jiragen Ruwan Fatauci: Nazari a kan Matakan Aikinsa da Albashinsa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bahasi a kan matsayin jami'in lantarki a jiragen ruwan fatauci, ta fuskar sharuɗɗan shiga aikin, da matakan ƙarin girma, da yadda ake yanke albashi, bisa ga abin da ya zo a yarjejeniyar STCW ta horar da ma'aikatan teku da kuma yarjejeniyar ƙwadagon teku ta shekarar 2006. Natijar bahasin ita ce, nauyin da ke wuyan wannan jami'i ya ƙaru ƙwarai, alhali martabar da shari'ar teku ta tanadar masa guda ɗaya ce tak, saboda haka albashinsa ya fi rataya ga irin jirgin da ya hau bisa ga muƙamin da ya taka.

Muƙaddima

Duk wanda ya bi tarihin jirgin ruwa da idon basira, tun daga zamanin da ake hura masa gawayi har zuwa yau, zai tarar cewa wutar lantarki, wadda da fari amfaninta bai wuce hasken fitilu ba, ta wayi gari ita ce ke juya famfunan mai da na ruwan sanyaya inji, ita ke motsa sitiyari, ita ke riƙe da na'urar rada da ta sadarwa da firijin kwantenoni, har ma a manyan jiragen yawon buɗe ido da wasu na dakon iskar gas ita ce ke juya farfela kanta. Abin da ya auku a Baltimore ta ƙasar Amurka ranar 26 ga Maris 2024 ya isa hujja, domin jirgin kwantena mai suna Dali, da wutarsa ta ɗauke yana fita daga tasha, sai ya gagari matuƙansa, ya daki ginshiƙin gadar Francis Scott Key, ta rushe, ma'aikata shida masu gyaran hanya a kanta suka rasu. Mas'alar da ke gabanmu ita ce, shin mutumin da aka damƙa wa amanar wannan wuta, an ba shi daraja da ujira gwargwadon amanar?

Asalin muƙamin

Wannan muƙami magajin sana'o'i biyu ne. Ta farko ita ce ta mai gyaran wuta na jirgi, wanda yake zaune ƙarƙashin injiniyoyi ba tare da wata shaida da ƙasashe suka yi ittifaƙi a kanta ba. Ta biyu ita ce ta jami'in rediyo, wanda tauraronsa ya haska bayan nutsewar Titanic a 1912 da yarjejeniyar kare rayuka a teku da ta biyo baya a 1914, ya kuma dusashe ranar 1 ga Fabrairu 1999, sa'ad da tsarin neman agaji ta tauraron ɗan Adam ya gama maye gurbin saƙon Morse, aikin sadarwa ya koma hannun jami'an tuƙi, aka bar kula da na'urorin ba takamaiman mai shi.

Hukumar Sufurin Teku ta Duniya, wadda mazauninta ke Landan, ta tsara yarjejeniyar STCW a 1978, ta soma aiki a 1984, aka yi mata gyara mai faɗi a 1995, amma duk wannan zamani ba a keɓe wa ma'abucin lantarki takardar shaidar jami'i ba, sai a taron Manila na watan Yuni 2010, inda aka shigar da ƙa'ida ta III/6 domin jami'i da ta III/7 domin mataimakinsa. Gyaran ya soma aiki ranar 1 ga Janairu 2012, aka ɗaga wa ƙasashe ƙafa zuwa 1 ga Janairu 2017.

Sharuɗɗan samun ijaza

Ƙa'ida ta III/6 ta shafi jirgin da ƙarfin babban injinsa ya kai kilowat 750 ko ya ɗara. Ta shar'anta cewa mai neman ijaza kada shekarunsa su gaza 18, kuma ya bi ɗayan hanyoyi biyu: ko dai wata 12 na horon bita da zaman teku a cikin shirin da hukuma ta amince da shi, wanda aƙalla wata 6 daga ciki a kan jirgi ne, ana rubuta abin da ya koya a littafin horo, ko kuwa wata 36, wanda aƙalla 30 daga ciki ya yi su a sashen inji. Daga cikin ilmin da aka wajabta masa akwai sarrafa wuta mai ƙarfin da ya wuce bolt 1,000, domin ko da yake galibin jirage na aiki da bolt 440, manya sukan kai 6,600 ko 11,000, kuma kuskure a nan ba ya barin mai shi ya maimaita.

Kowace ƙasa ta gina nata tsari bisa wannan asasi. A Ingila ɗalibi yakan shafe kimanin shekara uku yana kai da kawo tsakanin kwaleji da jirgi, kamfani na ɗauke da nauyinsa. A Indiya kuwa akan ɗauki wanda ya riga ya karanta lantarki, a ba shi gajeren horo a tudu, sa'an nan ya cika sauran watanninsa a teku. Inda gizo ke saƙa shi ne samun gurbi a jirgi, domin ba a ba da ijaza sai da zaman teku, masu jirage kuwa ba su cika son ɗaukar wanda bai taɓa hawa ba. Wannan illa ta fi tsanani a ƙasashen da ba su da jiragen kansu masu yawa, kamar Nijeriya, wadda kamfanin jiragen ruwanta na ƙasa ya rushe a 1995, aka bar ɗaliban makarantar horar da ma'aikatan teku ta Oron a jihar Akwa Ibom da neman gurbi a jiragen baƙi.

Matakan ƙarin girma

A nan ne asalin mas'alar take. Yarjejeniyar STCW ta kasa ma'aikatan jirgi martaba uku, ta masu taimako, da ta masu gudanar da aiki, da ta shugabanni. Jami'in tuƙi yana da hanya buɗe daga martaba ta biyu har ya zama kyaftin, injiniya ma haka har ya zama babban injiniya, amma jami'in lantarki an ajiye shi a martaba ta biyu ba tare da an tanadar masa ijazar shugabanci ba, ta yadda wanda ya shekara ashirin a teku da wanda ya fito jiya takarda iri ɗaya ke hannunsu, dukansu kuma ƙarƙashin babban injiniya suke. Haka nan yarjejeniyar ba ta farlanta wa kowane jirgi ɗaukarsa ba. Ƙasar da jirgi ke ɗauke da tutarta ita ke hukunta adadin ma'aikatan da ya wajaba.

Gaskiya ne kamfanonin yawon buɗe ido da na haƙar mai a teku sukan naɗa babban jami'in lantarki mai mutane a ƙarƙashinsa, sai dai wannan muƙami kyautar kamfani ce, ba ya bin mai shi in ya sauya wurin aiki. Wanda ke burin zama babban injiniya tilas ya koma ya nemi ijazar injiniya daga tushe. Shi ya sa da yawa daga ƙwararrunsu, in sun ga hanya ta toshe, sukan sauka tudu su zama masu duba jirage, ko wakilan masu ƙera na'urori, ko malaman kwaleji, teku ta yi hasarar gwanintar da ita ta rena.

Albashi da haƙƙoƙi

Malaman fiƙihu sun sharɗanta a babin ijara cewa ujira da muddar aiki su zama sanannu ga ɓangarorin biyu, kuma a kan irin wannan ma'ana aka gina yarjejeniyar ƙwadagon teku, wadda ta soma aiki ranar 20 ga Agusta 2013. Ta wajabta rubutacciyar yarjejeniya, da biyan albashi aƙalla sau ɗaya a wata, da hutun da bai gaza kwana biyu da rabi ba ga kowane watan aiki, da hutawar sa'a 10 cikin 24 da sa'a 77 cikin mako, da mayar da ma'aikaci gida kafin ya cika wata 12 a jirgi. Ta kuma yi nasiha cewa ladan aikin bayan lokaci kada ya gaza ladan sa'a guda da rubu'insa.

Sai dai mafi ƙarancin albashin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ke yankewa, wanda ya kai dala 673 a wata a farkon 2025, na ƙwararren ma'aikaci ne wanda ba jami'i ba. Albashin jami'ai ana samunsa ne ta hanyar ciniki tsakanin masu jirage da ƙungiyar ma'aikatan sufuri ta ITF, musamman a jirage masu tutar Panama da Laberiya da Tsibiran Marshall, ko kuwa kasuwa ta yanke shi. Galibi albashin jami'in lantarki yana faɗawa tsakanin na injiniya na uku da na biyu, kuma na jirgin gas ko na aikin mai yakan ɗara na jirgin dakon hatsi da ma'adinai nesa ba kusa ba, saboda yawan na'urori da girman haɗari. Wajibi ne kuma mai kwatanta wannan albashi da na tudu ya tuna cewa da yawa ana biyansu ne watannin da suke kan jirgi kaɗai, kuma hukuncin ƙasashe ya saɓa: Ingila takan yafe haraji ga wanda ya cika sharaɗin zama a waje, Filifin kuwa ta wajabta aika kashi 80 cikin 100 na ainihin albashi zuwa gida.

Kammalawa

Rahoton da ƙungiyoyin masu jirage na BIMCO da ICS suka fitar a 2021 ya ƙiyasta ma'aikatan teku miliyan 1.89, da giɓin jami'ai 26,240, kuma tun da jirage na ƙara karkata ga batura da sabbin makamashi da sarrafa inji ta kwamfuta, bukatar masanin lantarki ba za ta ragu ba. Bisa ga abin da ya gabata, ƙarin kuɗi kaɗai ba zai tsayar da shi a teku ba matuƙar darajarsa na tsaye wuri guda. Abin da ya kamaci Hukumar Sufurin Teku ta Duniya, a bitar da take yi wa yarjejeniyar STCW, shi ne ta kafa ijazar shugabanci ga wannan fanni, ta buɗe ƙofa tsakaninsa da fannin injiniya ta yadda za a lasafta wa mutum shekarun da ya yi. Abin da ya kamaci ƙasashe masu horar da ɗalibai kuwa shi ne su tabbatar da gurbin teku tun kafin su ɗauki ɗalibi.