Milimita 368: Tazarar da Ke Jiran Taragu a Jibiya

Ƙafar jirgin ƙasa ba kamar tayar mota ba ce. Ƙafafu biyu na ƙarfe ake matsewa a kan sanda guda, su zama abu ɗaya mai juyawa tare. Irin waɗannan sanduna biyu ake haɗawa a ƙarƙashin wani ƙaramin keke da ma'aikatan jirgi ke kira bogi, sannan a ɗora tarago a kan bogi biyu. Faɗin da ke tsakanin ƙafafun ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Don haka duk wanda ya zaɓi faɗin kwangiri, ya riga ya zaɓa wa jikokinsa taragun da za su saya.

Turawan Ingila ne suka yi wa Najeriya wannan zaɓi. Dogon da ya taso daga Baro ya iso Kano a 1911 faɗinsa milimita 1,067 ne, domin siriri ya fi araha kuma ya fi sauƙin lanƙwasa a kwana. Reshensa ya kai Ƙauran Namoda a 1929, wani ya kai Nguru a 1930, duk a kan hanyar gyaɗa da auduga. Birnin Katsina bai samu ba, balle Jibiya. Faransawa kuwa mita ɗaya cif suka bi, kuma dogonsu na Kwatano ya tsaya a Parakou, bai taɓa shiga Nijar ba.

Sabon layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda aka ba kamfanin Mota-Engil kwangilarsa a 2021, zai ƙetare iyaka ta Jibiya da faɗin milimita 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna. Ya ɗara tsohon da milimita 368. Tazarar ba ta kai kamu ɗaya ba, amma ta isa ta hana ko tarago guda na tsohon layi hawa sabon.

Daga cikin mafitar da aka sani akwai guda biyu. Ko a sauke kaya a sake lodi, wanda ke cin lokaci da kuɗin lebura, ko a ɗaga tarago sama a zare bogi a sa wani, kamar yadda aka daɗe ana yi a Brest, kan iyakar Belarus da Folan. Najeriya ta taɓa ɗanɗana ta farkon: ƙaramin dogon Zariya zuwa Jos mai milimita 762 sai da ake juye kayansa a Zariya, har aka rufe shi a 1957.

Ɓangaren Nijar ya fi ɗaure kai. Layin Yamai zuwa Doso da kamfanin Bolloré ya fara shimfiɗawa a 2014 mai mita ɗaya ne, kuma bai taɓa yin jigilar kasuwanci ba. Ranar da aka yi niyyar haɗa shi da Maraɗi, ɗaya daga cikin biyun ne zai sauya: ko kwangirin, ko ƙafafun taragun da suka ratso Jibiya.