Meksiko da Amurka: darasin shekara 90 na maƙwabtaka

Ƴan uwana ɗalibai, in ana zancen Amurka da maƙwabtanta na kudu, galibi Kuba ake kawowa. Ni kuwa Meksiko nike so mu duba, saboda shekara biyu da ke cikin tarihinta, 1848 da 1938. A ta farko Amurka ta ɗauke mata kusan rabin ƙasa. A ta biyu Meksiko ta karɓe rijiyoyin man fetur daga hannun kamfanonin Amurka da Ingila, kuma ba a harba ko harsashi guda ba. To, mi ya canza?

Meksiko ta samu mulkin kai daga Sifen a 1821. Bayan shekara biyu, shugaba James Monroe ya yi shelar cewa Turawan Turai su daina sa hannu a nahiyar Amurka. Maganar ta yi kama da kariya, amma wanda ya kore maka kura bai ce shi ba ya cin nama ba. A 1836 yankin Teksas ya ɓalle daga Meksiko, a 1845 Amurka ta haɗe shi da ƙasarta, a 1846 yaƙi ya tashi. Lokacin nan Meksiko na cikin rikicin cikin gida, janar-janar sai juyin mulki suke wa juna, har ana tsakar yaƙi ana canza shugaba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Satumba na 1847 sojan Amurka sun shiga babban birni.

Ranar 2 ga Fabrairu 1848 aka sa hannu kan yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo. Kalifoniya da Nebada da Yuta da wasu manyan yankuna suka koma hannun Amurka, aka ba Meksiko dala miliyan 15. Abin takaici, kwana tara kafin sa hannun nan aka gano zinariya a Kalifoniya.

Abin bai tsaya nan ba. A 1914 sojan ruwan Amurka sun mamaye tashar Veracruz wata bakwai. Ministan sojan ruwa a lokacin shi ne Josephus Daniels, mataimakinsa kuwa Franklin Roosevelt. Ku riƙe sunayen nan biyu.

A 1917 Meksiko ta rubuta sabon tsarin mulki. Sashe na 27 ya ce duk arzikin da ke ƙarƙashin ƙasa na al'umma ne. Sama da shekara 20 dokar na kan takarda, kamfanoni na haƙar mai abinsu. Sai da ma'aikatan mai suka yi yajin aiki, kotun ƙoli ta ba su gaskiya, kamfanonin suka ƙi bin hukunci. Ranar 18 ga Maris 1938 shugaba Lázaro Cárdenas ya fito a rediyo ya ce ƙasa ta karɓe man ta, kuma za ta biya diyya.

A nan ne nike ganin bambancin. Jama'a sun tsaya bayan shugabansu. Mata suka yi layi suna ba da ƴan kunne da zobe, wasu har da kaji, don a biya diyyar. Cocin Katolika, wadda ta daɗe tana faɗa da gwamnati, ita ma ta goyi baya. Sannan Cárdenas ya karanta lokaci. Roosevelt ya zama shugaban Amurka tun 1933, ya yi alkawarin siyasar maƙwabcin kirki, kuma jakadansa a Meksiko shi ne Daniels ɗin nan na Veracruz, wanda yanzu ke ba da shawarar a bi a hankali. Kamfanonin sun hana sayen man Meksiko a kasuwanninsu, sai Meksiko ta fara sayar wa Jamus da Italiya. Ga Hitler na shirin yaƙi, Amurka ba ta so ta tura maƙwabciyarta hannunsa. Aka zauna teburin sulhu, a 1942 aka daidaita kan diyya ta kusan dala miliyan 24 ga kamfanonin Amurka, ƙasa sosai da abin da suka nema. A shekarar ce Meksiko ta shiga yaƙin duniya a gefen Amurka.

Kada mu ce zuciyar Amurka ce ta yi laushi. A 1954 ta taimaka aka kifar da gwamnatin Guwatemala saboda rikicin gonakin kamfanin ayaba. Ƙarfin babba yana nan yadda yake. Abin da Meksiko ta samu a 1938, wanda ta rasa a 1848, shi ne doka rubutacciya da ta dogara a kai, jama'a masu baki ɗaya, da shugaban da ya san ranar da babban maƙwabci ke buƙatarsa. Ni dai a nawa karatun, ƙaramar ƙasa ba ta zaɓen maƙwabci, amma waɗannan ukun a hannunta suke.